Wa Zai Raɗa Wa Injin Nan Suna? Tarihin Bis da Noti a Bakin Mutanen Gure

Duk wanda ke bin bakin babbar hanya a Gure cikin ƴan shekarun nan ya san akwai wata ƙara da ba mu taso da ita ba. Gajera ce, tana farawa da gurnani ta ƙare da bugu a jere, kuma tana fitowa daga rumfar masu gyaran babur, ko saman gini inda ake kafa kwano, ko wajen masu ɗora faifan sola. Mai ƙarar wani ɗan inji ne mai siffar ƙaramar bindiga, batir a gindinsa, ba waya, yana ɗaure bis ko noti kafin ka gama sallama.

Ni ɗalibin kimiyyar harshe ne, saboda haka abin da ya fara jan hankalina shi ne har yau injin nan ba shi da tsayayyen suna. Na ji an ce da shi mashin, na ji parsez, na ji diril, na ji bindiga, na kuma ji "miƙo min abin nan mai batir". Alhali sauran kayan da ke kwance tare da shi cikin akwati ɗaya kowanne da sunansa, wasu ma biyu-biyu. In muka bi sawun sunayen nan za mu ga hanyar da kowane ƙarfe ya biyo ya iso mana, kuma za mu gane dalilin da ya sa rashin sunan sabon injin yake jawo asara.

Kafin bis, igiya

Mu fara da aikatau. Bahaushe yana ɗaure noti, yana kwance shi. Kalmomin da yake yi wa akuya da damin gero da kayan raƙumi ke nan. Bafaranshe ya ƙera aikatau na musamman daga sunan bis ɗin kansa, mu kuwa mun ari sunan abin, mun riƙe namu aikatau. Dalilin a fili yake: a ƙasarmu, haɗa abu biyu ɗauri ne. Rumfa da bukka da zana duk igiyar kaba ce ke riƙe da su, kuma goribar da ke ba da kabar ga ta nan cike da kwaruruwan ƙasar Manga. Sirdi fata ce ke haɗa shi. Ruwan gatari da na fartanya da zafi ake soka su cikin ƙota. Hatta magina, da suka tashi raɗa wa rufin soron da ake lanƙwasawa da azara suna, sai suka ce ɗaurin guga.

Maƙeranmu sun san ƙarfe tun da daɗewa, kuma sunayen kayansu ba na Turawa ba ne: uwar maƙera, masaba, zugazugi, awartaki, magagari, madoshi. Ku dubi na ƙarshen nan biyu, irin ginin mabuɗi da marufi ne, wato a sa ma- a gaba, a rufe da -i, a sami sunan abin aiki. Maƙeri ya san ƙusa, ya san ya soka ta cikin ƙarfe biyu ya daki kanta ta baje. Amma irin wannan haɗin, in kana son raba shi sai ka fasa. Sabon abin da bis ya kawo shi ne haɗin ƙarfe da ake kwancewa a mayar, kamar ƙullin igiya. Ina jin shi ya sa kalmar ɗauri ta zauna masa daram. Ta zauna har ta shiga zambo, don in an ce notin kan wane ya kwance, ba wanda zai tambayi fassara.

Bis ya shigo a jikin bindiga

A watan Disamba na 1852 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya yada zango a Gure a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Zinder. A lokacin Gure ce fadar Muniyoma Koso, sarkin Muniyo, ƙarƙashin inuwar Borno. A Zinder kuwa Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, ya tara bindigogi ta hanyar fataken Turabulus, ya sa aka riƙa haɗa albarushi da zuba igwa a cikin birnin. Daga baya Muniyo kanta ta shiga hannun Damagaram.

Me ya haɗa wannan da bis? Bindigar ƙanƙara ta wancan zamani, sashen da ke ɗauke da kunamarta da bis ake ɗaure shi a jikin itacen. Wato duk maƙerin da sarki ya ba gyaran bindiga ya yi ido biyu da bis tun kafin mota ta taka ƙasar nan. A Turai ma labarin kusan haka yake. Tsofaffin zane-zanen da ke nuna abin juya bis, na ƙarshen ƙarni na 15 a Jamus, zamanin sulke ne da bindigar farko. Sai dai kowane bis na lokacin da hannu ake goge haƙoransa, wato layukan nan da ke zagaye jikinsa, don haka na wannan bindiga ba ya shiga waccan. Abu ne mai tsada, na fada da mayaƙa, bai kai ga ɗakin talaka ba.

Iyaka biyu a shekara ɗaya

Abin da ya mayar da bis kayan kowa shi ne daidaita awo. Wajen 1800 Henry Maudslay a Landan ya kyautata injin da ke yanka haƙora iri ɗaya. A 1841 Joseph Whitworth ya fito da ma'auni guda ga masana'antun Ingila, bisa inci, haƙoran na da kusurwar digiri 55. A 1898 aka yi taro a birnin Zurik aka amince da ma'aunin milimita mai digiri 60, wanda Faransa da maƙwabtanta suka bi.

Ku riƙe shekarar nan. A cikinta ne aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder, a cikinta ne kuma Faransa da Ingila suka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar raba ƙasashenmu. A 1899 sojojin Faransa suka ci Zinder. An sake gyara layin a 1904 da 1906, don Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi, sannan aka bi aka kafa alamomi. Ba wanda ya yi shawara da Mangawa ko Hausawa ko Fulanin da ke kiwo a kan layin. Daga ranar, arewacin layi ya zama ƙasar milimita da Faransanci, kudancinsa ƙasar inci da Ingilishi.

Gure ta sami kanta da ƙofa biyu. Ta yamma akwai Zinder, kimanin kilomita 170, wadda ta zama babban birnin mulkin Faransa daga 1911 har aka mayar da shi Yamai a 1926. Ta kudu kuwa akwai jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930. Nguru ta fi mana kusa da kowace tashar jirgin ruwa ta Faransawa nesa ba kusa ba. Kwamandan da ma'aikatansa suna kawo kayansu da sunayensu ta yamma, fatake suna kawo nasu ta kudu.

Shi ya sa akwatin makanikenmu yake magana da baki biyu. Muna da bis, Kano na da sukuru. Muna da turnabis, suna da sukurudireba. Muna da kile, suna da sifana. Mai gyaran kansa makanise ne a nan, makanike a can. Noti kuwa ya tsallako iyaka ya zauna a bakin kowa. Kuma harshen bai karɓi ko ɗaya yadda ta zo ba, sai da ya sassaƙe ta. Hausa ba ta da sautin v, don haka vis ya koma bis, tournevis ya koma turnabis. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe a jere, don haka clé ta sami wasali a tsakiya ta zama kile. Kalmar Ingilishin da ta haifi sukurudireba da baƙaƙe uku ta fara, s da k da r, sai aka bi su ɗaya-ɗaya aka cusa musu u. Mutanen da suka yi wannan aiki ba su taɓa shiga ajin nazarin sauti ba, amma ba su karya ƙa'ida ko ɗaya ba.

Zamanin mota da babur

A ƙarshen 1924 ayarin motocin Citroën guda takwas, masu sarƙa a ƙafafun baya, ya ratso hamada ya bi ta Yamai da Zinder ya nufi tafkin Cadi. Wannan na nuna iko ne da talla. Motar da ta canza rayuwa ta zo daga baya, da cinikin gyaɗa da manyan motocin Berliet, sannan Peugeot 404 da 504. Daga kudu kuma ga Bedford da Land Rover. Tsofaffin makanikai na iya gaya muku wahalar lokacin: kilen milimita ba ya kama kan notin inci yadda ya kamata, in ka matsa masa sai ya cinye kusurwoyin ya bar ka da kai mulmulalle. Dole mai gareji ya ajiye kaya kashi biyu. Iyakar da aka zana a Paris ta biyo mutum har ƙarƙashin mota.

A shekarun 1970 abubuwa suka sauya. An shimfiɗa kwalta daga Gure zuwa gabas har Gigimi da taimakon Kanada, hanyar da ake kira ta Haɗin Kai. Najeriya ta koma awon mita, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Sai Toyota ta cika hanya, sai baburan Japan, daga baya na Sin da Indiya, waɗanda suka haifar da sana'ar kabu-kabu. Milimita ta ci yaƙi. Amma ko cikinta akwai ƙabilanci: noti mai kaurin milimita 8, na Turai kile 13 yake so, na Japan kile 12.

Akwai abin da nake so ku saurara in kun je gareji. Maigida zai ce wa yaronsa, "Kai, ba ni dis," ko duz, ko katorz, ko disat. Mutumin da bai yi lakol ba, wanda ke lissafin kuɗinsa da dala da jika, yana cinikinsa da Hausa ko Barbarci, in aka zo lambar kile sai ya koma Faransanci. Lambobin sun daina zama ƙidaya a bakinsa, sun zama sunayen ƙarafa. Yaron da ya shekara a rumfar, da ido zai kalli noti ya ce wannan duz ne.

Daga ina injin ya fito

An ƙera injin huda na lantarki mai riƙewa a hannu a kamfanin Fein na Jamus a 1895. A 1917 Black & Decker na Amurka suka yi rajistar mariƙi irin na ƙaramar bindiga mai kunama, siffar da har yau ba a canza ba. Ka ga masu ce masa bindiga ba su yi nisa da gaskiya ba. A shekarun 1930 aka fito da bis mai kan gicciye na Phillips, musamman don inji ya riƙa ɗaure shi a masana'antar mota ba tare da baki ya zame gefe ba. A 1934 Ingersoll-Rand suka fitar da injin ɗaure noti mai bugu, mai aiki da iska, kakan wanda masu faci ke amfani da shi. A 1961 Black & Decker suka yi na farko marar waya, sai dai batirinsa ba ya jimawa. Sai da Sony ta fara sayar da batirin lithium a 1991, aka sa shi cikin kayan aiki a farkon shekarun 2000, sannan masana'antun Sin suka karya farashi, kafin abin ya iso kasuwanninmu.

Ga yadda yake aiki. Cikinsa akwai mota ƙarama, da sifirin, da wani dunƙulen ƙarfe mai aikin masaba, da wani mai aikin uwar maƙera wanda ke riƙe da bakin. Muddin bis na tafiya salin-alin, injin juyawa kawai yake yi. Da zarar ya ji tauri, masabar sai ta ja baya ta matse sifirin, ta kuɓuce, ta daki uwar maƙerar ta gefe, wajen da ake juyawa. Tana yin haka sau dubu uku ko fiye a minti ɗaya. Ƙarar da kuke ji ke nan. Maƙera ce sukutum aka dunƙule cikin tafin hannu. Shi ya sa ba ya murɗe wa mai riƙe da shi wuyan hannu, shi ya sa kuma yake kwance notin da tsatsa ta cinye. Wani abin dariya: ramin da ake soka bakin a ciki, mai kusurwa shida, faɗinsa rubu'in inci ne, milimita 6.35. Incin da muka ce an kora ya ɓuya a bakin injin.

Dalilin da ya sa ya karɓu a nan ba boyayye ba ne. Injin iska na son kwamfaresa, na waya na son wuta tsayayya. Har zuwa 2023 mafi yawan wutar Nijar daga Najeriya take zuwa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da aka yanke ta a watan Agusta na 2023 har zuwa farkon 2024. Ƙauyukanmu da yawa ma waya ba ta taɓa zuwa ba. Injin da faifan sola ɗaya zai cika batirinsa, a sa shi a jaka a hau babur a je rijiyar da famfonta ya lalace, ai an yi shi ne kamar don mu.

Abin da rashin suna ke ci

To, ina matsalar? Masu ce masa parsez ko diril suna ba shi sunan wani inji daban, wato na huda. Su biyun sun yi kama kamar wa da ƙane, amma halinsu ya bambanta. Na huda yana da zobe mai lambobi a wuyansa, in ɗauri ya kai inda ka saita sai ya saki. Mai bugu ba shi da wannan zoben. Muddin yatsanka na kan kunama, dukan yake yi.

Ga lissafin. Ana auna ƙarfin murɗi da niyuton-mita. Ƙaramin noti mai kaurin milimita 6, wanda kile dis ke kamawa, irin wanda ya cika jikin injin babur, kusan 10 yake buƙata. Notin tayar ƙaramar mota na son wajen 100 zuwa 120. Injin mai bugu na bolt 18 kuwa yana iya ba da 150 zuwa 200. Jikin injin babur alminiyam ne, mai laushi. Daƙiƙa ɗaya ta wuce kima, haƙoran ramin sun tafi, mai ya fara ɗiga, ɗan kabu-kabu ya rasa aikin kwana biyu. A kan rufi, bis ɗin kwano yana da zoben roba mai hana ruwa. In aka matse shi ya fashe, sai damina ta tona asiri. A taya abin ya fi muni, don ƙarfen da aka ja fiye da ƙarfinsa ba ya nuna alama, sai ran da ya karye da lodi tsakanin Gure da Gidimuni.

Da, hannu ne ke koyar da wannan. Yaro na shekara yana jan kile, maigida na cewa "ya isa" ko "ƙara kaɗan", har tsokarsa ta san inda noti ke cewa a tsaya. Yanzu ana miƙa wa yaro injin a makonsa na farko. Abin da hannu ya daina koyarwa, dole baki ya koyar. Ƙwararrun masu aiki suna da ƙa'idojinsu, kuma ba su da yawa. A fara sa noti da yatsu, zagaye biyu ko uku, don a tabbata ya hau daidai. A bar injin ya kai shi kusa, a ƙarasa da kile, in da hali kile mai awo. Notin taya a bi su a tsallake, wannan sannan na daura da shi. A yi amfani da baki da kwas baƙaƙe waɗanda aka yi don bugu, don masu ƙyalli na iya tsagewa su yi tsalle zuwa ido. Kada a bar batir a rana, balle a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40. Kuma kada lambar da aka rubuta a kwali ta ruɗe ku: ƙwayoyi biyar masu bolt 3.6 ne ke ba da 18, masu rubuta 20 ma su ɗin ne, kuma ƙaramin batirin da aka liƙa wa 88 in ka buɗe shi sau da yawa biyar ɗin nan za ka tarar.

Duk waɗannan bayanai suna cikin takardar da ke zuwa da injin, da Sinanci da Ingilishi, wani lokaci da Faransanci. Yaron gareji ba zai karanta ko ɗaya ba.

Aikin da ya rage namu

A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Zinder. A watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama na aiki. Mun yi ta muhawara a kan wannan a jami'a, kuma ni ɗan Gure na san Barbarci da Fulatanci da Tubanci da Tamajak suna da hakkinsu a wannan magana. Amma ko me mutum yake gani, harshe ba ya zama na aiki da takardar gwamnati kaɗai. Sai ran da aka iya bayyana wa yaro da shi dalilin da ya sa noti ya karye.

Shawarata ita ce mu koma wa ginin maƙera. Injin huda mu ce masa mahuji. Wannan kuwa mu ce maɗauri mai bugu, babban wansa na taya kuma babban maɗauri. Ban ce sunan ya fi kowane daɗi ba, kuma na san kasuwa ce ke yanke hukunci, ita da ta sassaƙa turnabis ba da izinin kowa ba. Abin da nake karewa shi ne kalmar bugu ta kasance a ciki, don duk yaron da aka ce wa "ɗauko mai bugu" an riga an gaya masa rabin abin da zai kiyaye.

Kafin nan akwai aikin da ba ya jira. Tsofaffin da suka yi zamanin Berliet da kilen inci suna ƙarewa, kuma kalmominsu ba a rubuce suke ba. In hutu ya zo, kowannenmu ya ɗauki littafi da biro ya je gareji ɗaya ko maƙera ɗaya a garinsu. A gaida maigida da ladabi, a ce, "Baba, wannan me kuke ce masa, da can kuma me ake ce masa?" A rubuta yadda ya furta, da harshen da ya furta, da garin. A tambaye shi kuma yadda yake gane ɗauri ya isa. Wanda ya tara kalma talatin ya kawo wa ƙungiya, mu haɗa na Gure da na Zinder da na Maine da na Magarya, mu buga su a fitowa ta gaba, mu kai wa masu garejin kwafinsu.